Yadda Ake Gano Abin da Ke Lalata Kwanson Harsashi Wajen Sake Ɗura Shi

Daren da na fara ɗura harsashin .30-30 (irin waɗannan lambobi sunan girman harsashi ne) da hannuna, kwanso 7 cikin 20 suka fito da kafaɗa a durƙushe, kamar an taka gwangwanin madara. Na ɗora wa kayan aikin laifi. Washegari na kai su wurin wani dattijo da muke zuwa filin harbi ɗaya a nan Amurka, wanda ya fi shekara 40 yana wannan aiki. Ya juya ɗaya a tafin hannunsa, ya shafa kafaɗar da babban yatsa, ya ce, "A wane mataki ka fara ganin wannan?" Na rasa amsa, domin ban duba ko ɗaya ba sai da na gama duka. Tun ranar, duk kwanson da ya lalace a hannuna da tambayar nan nake fara masa.

A san wannan tun da wuri: a Amurka doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai yi farauta ko wasan harbi da shi, kuma kamfanoni irin su RCBS, Lee, Hornady, Redding da Lyman suna sayar da kayan a fili. A Najeriya ba haka ba ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi sai a wuraren da gwamnati ta amince da su. Bayanin nan na waɗanda ke zaune ne inda doka ta ba su dama. Awon albarushi kuma ba ya cikinsa, wannan sai a littafin da kamfanin albarushin ko na ƙwayar harsashin ya buga.

Sunayen sassa, don mu fahimci juna

Kwanson bindigar farauta kamar kwalba yake: baki, wuya, kafaɗa, jiki, sai gindi mai kauri inda gurbin makunni yake, wato 'yar hular nan da allurar bindiga ke duka wuta ta tashi. Tagulla ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Idan an harba, kwanson yakan buɗe ya cika ɗakin bindigar, wato gurbin da harsashi ke zama a cikinta, shi ya sa sai an matse shi ya koma girmansa kafin a sake amfani da shi. Injin matsi ke wannan aiki, tare da bututun ƙarfe masu zare da ake ɗaurawa a kansa, waɗanda zan kira dayis. Na farko yana mayar da siffa, yana cire tsohon makunni, kuma a cikinsa akwai 'yar ƙwallo da ke buɗa wuya yayin fitowa. Na biyu yana dasa ƙwaya, kuma a cikinsa akwai wani tudu da ke tsuke baki idan an so.

Mataki na farko: tsayar da aiki, ka bi kwanso ɗaya

Da zarar ka ga kwanso ya lalace, kada ka ce bari in ƙarasa tukuna. Ɗauki lafiyayye guda ɗaya, ka bi da shi mataki bayan mataki, kana fitar da shi kana dubawa a ƙarƙashin fitila mai haske: kafin ya hau inji, bayan mayar da siffa, bayan sa makunni, bayan dasa ƙwaya, bayan tsuke baki. Inda lahanin ya fara bayyana, nan za ka gyara. Ina shafa wa wuya da kafaɗa baƙin maka kafin gwajin, domin duk inda ƙarfe ya goga tawadar za ta kankare, ka ga wurin ƙiri-ƙiri.

Wani lahanin ma tun daga filin harbi aka zo da shi. Bindiga mai sarrafa kanta takan buga kwanso a jikinta wajen tofar da shi, baki ya loɓa ko jiki ya ɗan lotsa. Bakin da ya loɓa kaɗan ana iya mayar da shi da wani abu mai tsini kafin ya shiga dayis. Wanda ya naɗe har ya yi kaifi, a jefar. Ka kuma leƙa cikin kowane kwanson da ba ka san asalinsa ba. Rami ɗaya a tsakiyar gindi shi ne tsarin Boxer, wanda ake sake ɗurawa. Idan ƙananan ramuka biyu ka gani a gefe, tsarin Berdan ne, kuma zai karya maka allurar cire makunni.

Mataki na biyu: abin da dayis na farko ke jawowa

Lahanin da ya fi yawa a nan shi ne 'yan loɓa-loɓa a kafaɗa, masu santsi, kamar an danna da kan ashana. Mai ne ya yi yawa. Kwanso mai siffar kwalba ba ya shiga dayis sai da mai, amma mai ba ya matsuwa. Idan ya taru tsakanin kafaɗa da bangon dayis, ba shi da wurin zuwa, sai ya tura tagullar ciki. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kwanso biyar ko goma na farko sukan fito lafiya, sai daga baya loɓawar ta fara, domin man yana taruwa ne a hankali a cikin dayis ɗin.

Gyaransa: kwance dayis, fitar da sandar ciki, wanke shi da abin narkar da mai, ka goge da tsumma mai tsabta. Yawancin irin wannan dayis suna da ɗan ƙaramin rami a gefe daidai kafaɗa don iska da rarar mai su fita. Zura siririyar waya ka tabbatar bai toshe ba, ka kuma duba ko zoben da ke kulle dayis a kan inji bai rufe shi ba. Daga nan mai a jiki kaɗai, kada ya taɓa kafaɗa. Ni kakin Imperial nake amfani da shi, in ɗan taɓa da yatsa biyu in murza kwanson, shafa ɗaya takan ishi kwanso biyu ko uku. Idan kana ganin man da ido ya yi yawa. Masu fesa mai irin na gwangwani su bar shi ya sha iska tukuna kafin su fara.

Labari mai daɗi shi ne ƙaramar loɓawar mai ba ta da haɗari. Harbi ɗaya zai miƙar da ita. Wadda ta yi zurfi har tagullar ta naɗe ita ce ake jefarwa, domin daga naɗin tsagewa ke farawa.

Kada tsoron loɓawa ya sa ka hana kwanso mai gaba ɗaya, nan ne wahalar ta fi. Busasshen kwanso yakan maƙale, ka ja hannun inji leɓen gindin ya yage, kwanson ya zauna daram a cikin dayis. Kada ka nemi filaya ko guduma. Akwai kayan cire shi: a huda gurbin makunni, a yanka masa zare, a ɗora 'yar hular ƙarfe, a ɗaura kusa mai zare ta jawo shi a hankali. Alamar da ke zuwa kafin maƙalewar ita ce nauyin hannun injin ya canza. Ka ji ya yi tauri fiye da na baya, sauke shi tun bai kai ƙarshe ba.

Idan baki ne ya murƙushe ta gefe ɗaya, kwanson bai shiga dayis a miƙe ba. Ko bai zauna sosai a mazauninsa ba, wato ƙarfen da ke riƙe gindinsa a kan inji, ko datti da ɓurɓushin makunni sun cika tsagin mazaunin, ko ka sa mazaunin da ba nasa ba, ko kuma sauri kake yi. Goge tsagin da burushi, ka riƙe kwanson da yatsa har bakinsa ya shige.

Akwai wani mai wuyar ganewa. Kwanso ya fito da kyan gani amma ya ƙi shiga bindiga, kuma lokacin fitowarsa daga dayis ka ji ƙara kamar ƙofa mai tsatsa. 'Yar ƙwallon nan ce ke jan wuya da ƙarfi saboda cikinsa a bushe yake da toka, har ta jawo kafaɗar gaba bayan dayis ya gama mayar da ita. Goge cikin wuya da burushi, ka sa masa garin girafait kaɗan. Idan kuma dogayen ƙarce kake gani a jiki, yashi ne ya shiga dayis. Wanke kwanso kafin ya hau inji, musamman wanda ka tsinta a ƙasa.

Mataki na uku: tsawo da baki

Duk lokacin da aka harba aka matse, kwanso yana ƙara tsawo. Auna shi bayan mayar da siffa. Na .308 Winchester iyakarsa inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005. Na .223 Remington iyaka 1.760, a datse zuwa 1.750. Na .30-06 iyaka 2.494, a datse zuwa 2.484. Kwanson da ya wuce iyaka bakinsa yakan cusu a ƙarshen ɗakin bindiga ya shaƙe ƙwaya, matsin wuta ya haura, don haka wannan ba batun kwalliya ba ne.

Bayan datsewa baki yakan yi kaifi. Fere shi ciki da waje, juyi biyu ko uku, kada ka mai da shi wuƙa. Idan ka ga ɓurɓushin jan ƙarfe kamar gashi a bakin kwanso bayan dasa ƙwaya, ba a fere cikin ba.

Mataki na huɗu: kafaɗar da ta durƙushe

Nan kwansona bakwai suka mutu, kuma nan yawancin sababbin hannu ke tuntuɓe. Dayis na farko ana ɗaura shi ne har ya kusa taɓa mazaunin kwanso ko ya taɓa shi, sai mutum ya ɗauka na biyu ma haka ne. Idan ka yi haka, tudun da ke tsuke baki zai kama bakin kwanson tun ƙwaya ba ta gama shiga ba. Sanda tana tura ƙwaya ƙasa, baki ya riga ya cije ta, to duk ƙarfin sai ya sauka a kan wuya, kafaɗa ta durƙushe. Wani lokaci ba ta durƙushewa a fili, sai dai wani ɗan kumburi kamar zobe a daidai inda kafaɗa ta haɗu da jiki. Ido ba ya kama shi, amma farce yana ji, kuma sakatar bindiga, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a ɗaki ta baya, za ta ƙi rufuwa.

Ga yadda ake ɗaura shi. Sa kwanso marar komai, wanda aka matse aka datse, a mazauni. Ɗaga shi har ƙarshe. Juya dayis ƙasa a hankali har ka ji ya taɓa bakin kwanson. Mayar da shi baya juyi ɗaya cikakke, ka kulle zobe. Daga nan zurfin ƙwaya da sandar saman dayis mai tura ƙwaya kaɗai ake daidaita shi, kaɗan-kaɗan, kana aunawa har tsawon harsashin ya yi daidai da abin da littafi ya ce. A haka babu tsukewa sam, kuma bindigar farauta mai sakatar hannu ba ta cika bukatarta ba, riƙon wuya ya wadatar.

Amma .30-30 tana bukata, domin harsasanta a jere suke cikin bututu, kan wannan a gindin wancan, suna dannar juna. Idan za ka tsuke, sharaɗi biyu ne. Ƙwayar ta kasance mai tsagi a jikinta inda baki zai kwanta, kuma dukan kwanson su zama tsawo ɗaya. Ka daidaita da gajere, dogon zai durƙushe. Ka daidaita da dogo, gajeren ba zai tsuku ba. Wannan ne ya sa bakwai suka lalace a nawa sauran suka tsira: ban datse su ba.

Dasa ƙwayar har bakin kwanso ya zo daidai tsagin. Janye sandar sama juyi da yawa don kada ta ƙara turawa. Sassauta zobe, juya jikin dayis har ya taɓa baki, sauke kwanson, ƙara kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ɗaga, duba. Ka ci gaba a haka har baki ya kwanta cikin tsagi. Zaren dayis 14 ne a kowane inci, wato juyi ɗaya ya kai inci 0.071, kuma tazarar da ke tsakanin tsukewa mai kyau da durƙushewa ba ta kai rabin wannan ba. A ganina gara a raba aikin biyu, a dasa duka tukuna sannan a dawo a tsuke. Dayis ɗin Lee Factory Crimp ma ya fi sauƙi ga kwanso mai siririn bango, domin daga gefe yake matse bakin, ba ya danna shi ƙasa.

Idan ba tsukewa kake yi ba amma wuya yana yamutsewa, duba ƙwayar. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ta fi mai tsukakken gindi wuyar shiga, kuma idan ta karkata sai ta taka gefen baki. Siraran kwanso irin .22 Hornet da .30-30 ba sa jure wannan. Riƙe ƙwayar a miƙe har ta shige dayis. Dayis ɗin Lyman M yana buɗa baki kaɗan yadda ƙwaya za ta zauna da kanta, kuma ga ƙwayar dalma kusan dole ne.

Makunni

Idan makunni ya shiga a karkace ko ya murƙushe, galibi kwanson soja ne, wanda aka cije bakin gurbinsa a masana'anta. Sai an share cizon kafin sabo ya shiga. Makunni ya zauna ƙasa kaɗan da fuskar gindi, yatsa ya ji shi a ciki. Kada ka taɓa ƙara tura makunni a harsashin da ya riga ya sha albarushi.

Mataki na biyar: lahanin da ke raunata mutum

Galibin abin da na ambata a sama ido yana gani, yawanci ma bindiga za ta ƙi karɓar harsashin. Wanda nake tsoro shi ne kwanson da ke sheƙi kamar sabo alhali ya kusa rabewa biyu.

Lokacin harbi, allura tana tura kwanso gaba. Wuta ta tashi, siririn gaban ya manne da bangon ɗaki, gindi mai kauri kuma ya koma baya har ya daki sakata. Tagullar da ke gaba kaɗan da gindi ita ce ke miƙewa ta cike tazarar. Idan kowane zagaye kana tura kafaɗa baya fiye da kima, tazarar tana dawowa, wurin yana ƙara sirancewa, har ranar da gindi zai rabu da jiki. Matsin .308 yana kaiwa fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci bisa ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunan bindiga da harsashi a Amurka, kuma hayaƙin da ya kuɓuce ta baya fuskar mai harbi yake nufa. Tsofaffin bindigogin Lee-Enfield masu cin .303 British sun yi suna da wannan saboda yalwar ɗakinsu.

Alamarsa a waje siririn zobe ne mai haske a sama kaɗan da gindi. Kada a ruɗe shi da gogar da dayis ke bari inda ya tsaya, ita tana da faɗi kuma ba ta da kaifi. Don tabbatarwa, miƙe wayar maƙale takardu, lanƙwasa kanta kaɗan, ka fiƙe shi. Zura ta har ƙasa, ka jawo ta tana goga bango. Idan ta faɗa wani kwari ta ɗan tsaya, kwanson ya gama aiki. Dattijon nan ya sa na tsaga ɗaya a tsaye da zarto, na ga kwarin da idona, bangon ya koma kamar takarda. Ka samu ɗaya, ka zargi dukan 'yan uwansa da suka sha harbi daidai da shi.

Maganinsa a ɗaurin dayis na farko yake. Auna daga gindi zuwa kafaɗar kwanson da aka harba a bindigarka da ma'aunin da aka yi don haka. Janye dayis baya, ka riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan kana aunawa, har kafaɗa ta koma baya da inci 0.001 zuwa 0.002 ga bindiga mai sakatar hannu, ko 0.003 zuwa 0.004 ga mai sarrafa kanta. Inci 0.002 juyin kusan digiri 10 ne kawai, don haka hannu ya yi sanyi.

Tsagewar wuya kuma daga gajiyar tagulla take. Yawan buɗewa da matsewa yana sa ta tauri har ta daina miƙewa. Ana dawo mata da laushi ta hanyar gasa wuya da kafaɗa kaɗai, a kwanson da babu makunni babu albarushi. Masu yi da hannu sukan shafa fentin Tempilaq mai narkewa a digiri 750 na Faranhait, kusan 400 a ma'aunin Salshiyos, don su san lokacin janyewa. Maƙeri ya san baƙin ƙarfe yana tauri idan an tsoma shi a ruwa da zafinsa. Tagulla ba ta yin haka, ruwan yana tsayar da zafi ne kawai kada ya gangara. Gindi dole ya zauna da taurinsa. Kwanson da zafi ya kai gindinsa ba ya sake shiga bindiga, komai kyansa.

Kada kuma ka goge kwanso da man goge tagulla mai amoniya. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga harsasansu suna tsagewa da kansu lokacin damina, aka yi ta ɗora wa yanayi laifi. A 1921 aka bayyana cewa amoniyar fitsarin dawaki ce, a bargar da ake ajiye harsasan, take cin tagullar da ke cikin matsi.

Saura alamun matsi ya yi yawa: makunni ya baje ya cike gurbi, tambari mai sheƙi a fuskar gindi, sakata ta yi nauyin buɗewa, ko sabon makunni ya shige gurbi ba tare da ka ji ya kama ba. Wannan ba laifin dayis ba ne, gindin ne ya buɗe. Tsaya da harbi, koma littafi. Kwanson soja na 7.62 ya fi takwaransa na .308 na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, don haka awon albarushin da ya yi lafiya a na kasuwa yana iya yin yawa a na soja.

Abin da za a yi da waɗanda suka lalace

Harsashin da ya ƙi shiga ma'aunin kwanso, wato ƙarfe mai rami irin ɗakin bindiga da ake gwada shi a ciki, kada ka tilasta masa da sakata, kada kuma ka mayar da shi cikin dayis na farko da albarushinsa. Sa tabarau na kariya, cire ƙwayar da abin cire ta, zazzage albarushin. Idan ba ka da tabbacin irinsa, kada ya koma gwangwani. Kwanson da ka yanke wa hukunci, matse bakinsa da filaya nan take kafin ka jefa shi bokitin tsohon ƙarfe, don kada wata rana ya koma cikin masu kyau. A murfin kowane akwati kuma ina rubuta sau nawa aka harba kwanson da ke ciki, da ranar da na datse su, da bindigar da suka fito.